An Turo Ki Bakura? Makon Farko Na Tambaya Ne

A Amurka akwai ma'aikatan jinya da sana'arsu ke nan yawo daga asibiti zuwa asibiti, galibi a kan kwantiragin mako 13, kuma sau da yawa kwana ɗaya ko biyu kacal ake ba su na sanin wuri kafin a danƙa musu marasa lafiya. Mu ma muna da irinsu, sai dai ba ma kiran su da wannan suna. Takardar canjin wurin aiki ce ke zuwa, ko bautar ƙasa, ko aikin wata ƙungiyar agaji. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, inda ake kai huɗu kowace ƙaramar cibiyar lafiya, a kuma ɗaure cibiyoyi huɗu da babban asibiti guda. Yarinyar da ta gama karatu a Gusau ko Sakkwato sai ta wayi gari a mota, an sauke ta a Lambar Bakura da akwatinta.

Ilimin jinya kam ta zo da shi. Abin da ba ta da shi sanin gida ne, kuma a nan ne rai ke salwanta.

Ɗauki mai haihuwa da jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare. Kowace ungozoma ta san allurar oksitosin ce farkon abin nema. To, ina take? Maganin nan sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka yana cikin firij. Firij ɗin na sola ne ko sai an tayar da janareta? Mabuɗin ɗakin yana hannun wa, kuma a ina mutumin yake kwana? Haka ma sai a san inda maganin jijjigar masu ciki, wato magniziyam salfet, yake. Wadda ta bari sai daren da ake bukatarsu sannan ta fara tambaya ta makara. Shi ya sa nake ganin ranar farko ba ta zama a ofis ba ce. Ki roƙi babbar nas ta zaga da ke, ki buɗe kowace durowa da hannunki, ki rubuta a ɗan littafi: inda ake ajiye safar hannu, wanda ke gwajin jini, yadda ake samun mai ba da jini, lambar direban motar asibiti, da inda ake tura wanda ya fi ƙarfinku, Talata Mafara ne, ko Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Sai ki karanci ƙasar. Bakura da Talata Mafara da Maradun suna shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Inda ake noman rani da shinkafa, sauro ba ya dogon hutu, yaran da ke wanka a magudanai kuma kan zo da fitsarin jini, wato tsargiya. Da damina zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa ke cika gadaje. Da bazara a sa ido kan sanƙarau. Annobar 2017 a Zamfara ta fi ɓarna. Tsakanin shuka da girbi kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ce. Ki saba da ɗan tef ɗin awon damtsen yaro: in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari ko da yana wasa.

Akwai kuma harshe, wanda 'yan Kano da Zariya kan raina har sai ya ba su kunya. A nan uwa za ta ce ɗanta na masassara, jikinsa da zahi. Ki tambaye ta sunan yaron ta sunkuyar da kai ta yi shiru, wata dattijuwa a gefe ta amsa. Ba taurin kai ba ne, ɗan fari ne, kunya ta hana. Wadda ta gane haka ta juya ga dattijuwar ta ce "Inna, tun yaushe ya fara?" za ta samu labarin ciwon duka, har da jiƙon da aka ba shi a gida. Masu shara da masu gadin asibiti ma malamai ne a wannan fanni, domin su suka san kowane ƙauye da mai unguwarsa.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. A watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka kwashi ɗalibai da ma'aikata, a watan Satumban shekarar kuma aka rufe layukan waya a faɗin jihar. Ki tambayi wace hanya ake bi, ƙarfe nawa ake daina tafiya, kuma yaya ake kiran likita in babu sabis. Kafin ki baro gida ki tabbatar lasisinki na Hukumar Jinya da Ungozoma bai ƙare ba, kin yi rigakafin ciwon hanta, kin san ɗakin da za ki kwana. Ki riƙo gidan sauro da tocila.

Nauyin ba a kan sabuwar nas kaɗai yake ba. Hukumar kula da asibitocin jihar Zamfara da shugabannin cibiyoyin lafiya su mayar da shi doka: duk sabuwar nas ta yi mako guda tana bin tsohuwar hannu, kada kuma a bar ta ita kaɗai a aikin dare kafin makon ya cika.