Firez na noman ruwa: daga tsinka zuwa ɗakin sanyi

A ƙasar Beljik, wajen garin Hoogstraten, manoma da dama sun bar shuka firez bisa ƙasa. Cikin ɗakunan gilashi suke rainon ta, a indararo da aka ɗaga daidai ƙirjin mutum. Saiwarta na cikin ɓawon kwakwa, ruwa mai taki na ɗiga mata ta tiyo. Mai tsinka ba ya duƙawa, ɗiyan kuma ba su taɓa laka.

Amma ranar tsinka ake riba ko asara. Firez ba mangwaro ba ce: in an cire ta ɗanya, ba ta ƙara zaƙi, nunanniya kuwa ba ta jure hannu. Don haka da sanyin safiya ake tsinkar ta da ɗan kararta, a sa ta cikin kwalin da za a saida ta. Ba a wanke ta, domin danshi ke kiran funfuna. Cikin awa 1 ko 2 sai ta shiga ɗakin sanyi, digiri 0 zuwa 2. Ko da haka, da wuya ta wuce mako guda.