Mubi: 'Yar kafar da ke tsare kicin daga ambaliya

Dab da bakin kwamin wanke-wanke na kicin, wanda aka fi sani da sinki, akwai wata 'yar kafa da mutane da yawa ke ɗauka ado ce. Aikinta shi ne ta karɓi ruwa idan ya kusa tumbatsa, ta bi da shi ta wani gajeren tiyo zuwa bututun da ke ƙasa. Inda famfo ke zuba dare da rana, sai a shekara ba a buƙace ta ba.

A Mubi kuwa, gidaje da dama a unguwanni irin su Lokuwa, Sabon Layi da Wuro Gude sun dogara ne da rijiyar burtsatse da tankin sama, ko jarkokin 'yan garuwa. Tanki ya ƙafe, a murɗa famfo a ji shiru, a manta da shi a buɗe. Can cikin dare a kawo wuta, inji ya cika tanki, ruwa ya kece. Idan ragowar tuwo ta toshe magudana, wannan kafa ce kaɗai ta rage tsakanin kicin da ambaliya.

Abin da ke riƙe da ita daga baya ɗan marfin roba ne da zobensa, sai sukuru guda da ke shiga ta gaba. Zafin bazara da ruwan zafi mai maiƙo sukan busar da robar har ta tsage. Daga nan ruwan ya daina bin tiyo, ya riƙa tsiyaya cikin kabad: katako ya kumbura, funfuna ta kama, kyankyasai su tare. A can ne kuma uwargida kan ajiye tukwane, wani lokaci har da garin tuwo. Garin da ya ga annobar kwalara a watan Mayun 2018 ba ya buƙatar a tuna masa illar ƙazamin ruwa kusa da abinci.

Yawanci akan yi wa tsagar gam, ko a naɗe ta da robar tiyub. Ɓata lokaci ne, domin maiƙo ba ya barin gam ya kama.

Sauya marfin ba ya cin rabin awa, kuma sukudireba kawai yake buƙata. Wahalar tana wajen saye. Wata kafar zagayayya ce, wata mai kusurwa huɗu, ga shi sinki da yawa ba su ɗauke da sunan kamfani. Saboda haka a kwance tsohon marfin da tiyonsa, a tafi da su shagon kayan famfo a gwada ido da ido. Sau da yawa ba a sayar da marfin shi kaɗai, sai tare da matsirgar ƙasa. Gara a sayi duka a sauya su gaba ɗaya.

Wajen ɗaurawa, a goge bayan kafar tas, a zaunar da zoben robar daidai, a ƙara sukurun a hankali, don matsewa da ƙarfi ita ke fasa sabon marfi tun ranar farko. Tiyon ya gangara ƙasa ba tare da lanƙwasa ba. Sannan a shimfiɗa busasshiyar takarda a cikin kabad, a toshe magudana, a zuba ruwa har ya shiga kafar. Idan takardar ta jiƙe, zoben ne ya goce, sai a sassauta a sake zaunar da shi.