Furet, dabbar gida ta Turai da ba ta jure wa yunwar yini guda

A Faransa, bayan kare da kyanwa, akwai wata ƙaramar dabba da mutane ke ajiyewa cikin ɗaki, suna kiranta furet. Doguwa ce, gajerun ƙafafu, nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba. Danginta a wajenmu shi ne bodari, kuma ita ma tana da nata warin. Turawa sun daɗe suna sa ta cikin ramuka ta koro musu zomaye, kafin ta koma abar sha'awa. Yau dokar Tarayyar Turai ta sa ta sahu ɗaya da kare da kyanwa: sai da fasfo da allurar ciwon haukan kare take tsallaka iyaka. A jihohin Kalifoniya da Hawai na Amurka kuwa, an hana riƙe ta gaba ɗaya.

Mafi yawan wahalar masu ita daga ciki take farawa. Furet nama kawai take ci, kuma hanjinta gajere ne ƙwarai. Abin da ta haɗiya yana fita cikin awa 3 zuwa 4. Wannan ɗan lokaci bai isa jikinta ya narkar da hatsi ko ganye ko ƴaƴan itace ba. Dole abincin ya zama mai yawan nama da kitse, a kuma bar shi kusa da ita dare da rana, domin kaɗan-kaɗan take ci, sau da yawa. Wasu na ba ta busasshen abincin kwali da aka haɗa dominta, wasu kuma ƴan tsaki da ɓeraye sukutum. Abincin kare bai yi mata ba, madara na sa ta zawo, kayan zaƙi kuma tana son su amma suna cutar da ita.

Sai kuma taurin kai. Cikin watannin farko na rayuwarta take sanin ƙamshin abin da ake ci. Bayan wata shida ko makamancin haka, duk abin da ba ta saba da shi ba ba ta ɗaukarsa abinci. Mai ita zai sayo nama mai kyau ya ajiye, ta shinshina ta wuce. Idan kamfani ya daina yin irin da ta sani, gidan ya shiga matsala. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a gwada mata iri-iri tun tana ƙarama, idan kuma za a canza wa babba abinci, a riƙa gauraya sabon da tsohon a hankali, har makonni. Dabarar barinta da yunwa har ta haƙura, wadda ke aiki a kan kare, a nan kasada ce.

Dalili shi ne sukarin jini. Daga shekara 3 zuwa sama, furet da yawa na kamuwa da wani ƙari a gaɓar da ke samar da insulin. Insulin ya yi yawa, sukarin jini ya faɗi. Dabbar sai ta tsaya tana kallon wuri ɗaya, yawu na dalala, tana kai ƙafa baki, ƙafafun baya su saki, wani lokaci har ta shiga jijjiga. Taimakon gaggawa shi ne a shafa mata ɗan zuma a dasashi, in ta farfaɗo a ba ta nama, a garzaya wajen likita. Zumar ba magani ba ce: in an yawaita, insulin ɗin take ƙara tayarwa. Ana sassauta ciwon da ƙwayoyi ko tiyata, amma ba kasafai yake warkewa kwata-kwata ba.

Ƙananan kuwa haɗiye-haɗiye ke kai su asibiti. Suna tauna roba, soson katifa, gindin takalmi, abin ya toshe siririn hanjin. Alamar farko ita ce ƙin abinci, sai kashi ya ragu ko ya tsaya. Nan ma tiyata ce, kuma jinkirin kwana biyu na iya zama ajali.

Akwai sauran cututtuka. Macen da ta shiga lokacin barbara ba ta samu namiji ba takan daɗe a haka har jininta ya ƙare. Ciwon karnuka da Faransawa ke kira maladie de Carré kusan duk furet ɗin da ya kama sai ya kashe, sai dai akwai rigakafinsa. Har mura mai tsanani takan ɗauka daga mai gidan.

Hotunanta na yawo a Facebook da TikTok, kuma wanda ya gan ta zai iya sha'awar a kawo masa. Sai dai furet ba ta iya fitar da zafi ta hanyar gumi, kuma da ma'auni ya haura digiri 30 take fara galabaita. A Yamai ko Tawa, watan Afrilu kan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta da ke tsayar da na'urar sanyaya ɗaki.