Soyayyen shayin Japon da madara: yadda a ke haɗa shi a gida

A ƙasar Japon akwai wani irin shayi da a ke kira "hojica", wato soyayyen shayi. Asalinsa ɗanyen shayi ne mai koren ganye, ɗan'uwan wanda a ke shigowa da shi kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa daga ƙasar Sin, amma shi sai an soya ganyensa a wuta har ya koma ja-ja. A yau mutanen Japon na haɗa shi da madara mai ɗumi da kumfa, kuma kowane magidanci na iya yin haka a gidansa ba tare da ya sayi wata na'ura ba.

Shayi ya daɗe a Japon. A shekara ta 1191 wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya komo daga Sin da irin shayi, a shekara ta 1738 kuma Nagatani Soen, mutumin yankin Uji, ya gyara dabarar turara ganyen da murza shi da busar da shi. Ita suyar ganye daga baya ta zo. Ƴan kasuwan birnin Kiyoto ne su ka fara ta a shekarun 1920, domin kada tsofaffin ganye da tsinkayen da su ka yi saura su lalace a banza. Ashe tattali ne ya haifi wannan shayi, abin da a da a ke rainawa ya zama abin nema.

A can Japon a kan yi suyar da zafin da ya kai digiri 150 zuwa 200, a gida kuwa cikin wani ƙaramin kaskon yumɓu da su ke kira "horoku". Zafin wuta ya kan rage ɗaci da baurin ganyen, ya kuma fito da ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa. Dalili ke nan da ya sa ya ke jituwa da madara, kuma a kan ba tsofaffi shi bayan cin abincin dare. Amma kada a ɗauka ba shi da kafeyin, wato sinadarin nan mai hana barci. Littafin awon abinci na gwamnatin Japon ya nuna miligram 20 a cikin kowane santilitar 10 na ruwan wannan shayi, shi kuwa kafe miligram 60. Saboda haka mace mai ciki da ƙananan yara su sha shi bisa ƙima.

Wanda bai sami na Japon ba ya na iya soya ɗanyen shayin da ke gidansa, ko da ya tsufa ƙamshinsa ya ragu. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba, domin na Japon turara shi a ke yi, na Sin kuwa yawanci a kasko a ke ƙafe shi tun farko, amma zai yi kusa. A sami kasko mai tsabta wanda ba shi da maiƙo ko warin albasa, a ɗora shi bisa garwashin da ya lafa. A zuba ganye cokali huɗu ko biyar, a dinga motsawa ba tsayawa har minti 5 zuwa 10. Idan ganyen ya yi ja-ja kuma ɗan hayaƙi mai ƙamshi ya fara tashi, a sauke nan da nan, a baza shi bisa faranti ya huce. In an bari ya yi baƙi, ya ƙone ke nan, ɗacinsa kuma ko sukari ba ya ɓoye shi.

Ga yadda a ke haɗa kofi ɗaya. A zuba gram 6 na soyayyen ganye cikin butar shayi, kimanin babban cokali biyu, a kwarara masa santilitar 8 na ruwan da ya tafasa, a rufe minti 3, sa'an nan a tace. Dole ruwan shayin ya yi ƙarfi, domin madara za ta sassauta shi. Amma ba a barin butar bisa wuta ta yi ta tafasa kamar yadda a ka saba da shayin majalisa.

Sai madara, santilitar 15. Nan ne ya kamata uwargida ta yi hattara. Idan ɗanyar madarar shanu ce ko ta awaki, wajibi ne a tafasa ta tukuna, domin ta kan ɗauko ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin nan da dabbobi masu ɓari ke sa wa mutane. Idan ta gari ce, a dama ta da ruwan da a ka tafasa. A gidajen shayi na Japon na'ura ce ke hura wa madara tururi har ta kai digiri 60 zuwa 65, domin a nan ne zaƙinta ke fitowa kuma kumfarta ke tsayawa. A gida sai a ɗumama ta, ko a bar tafasasshiyar ta sauko, har ta kai yadda a ke iya kurɓa ba tare da ta ƙone baki ba. Daga nan a sa maburgi a burga ta da sauri har minti ɗaya, kumfa za ta hau.

A zuba ruwan shayin cikin kofi, a bi shi da madarar sannu a hankali, a ɗora kumfar a bisa da cokali. Sukari ƙaramin cokali ɗaya ya isa, ko ɗan zuma, domin ba ɗacin da za a kashe. Sauran soyayyen ganyen kuwa a adana shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi da kayan yaji, kuma a soya kaɗan-kaɗan, domin ƙamshinsa ba ya jure dogon ajiya.