Haruffa biyu a takardar asibiti

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Cikin abin da ake dubawa kafin a shafa fatiha har da nau'in jinin da mutum ya gada, wato AA ko AS ko SS. Dalilin dokar a fili yake. Ana ƙiyasta cewa duk shekara ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila, ko amosanin jini, a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadon yaron da ciwon ƙashi ya tasar wa ba zai yi wa dokar gardama ba. Sai dai doka ta riga makaranta: an damƙa wa samari da 'yan mata sakamakon binciken ƙwayoyin gado, alhali ajin da suka fito bai koya musu yadda ake riƙon irin wannan labari ba.

Abin da ake koyarwa bai wuce akwati huɗu a kan allo ba. Malamin bayoloji ya zana, ya sa AS a sama da AS a gefe, ya fitar da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya, ɗalibai su haddace don jarrabawar NECO. Da yawa sukan tashi da zaton ɗa na huɗu ne ke fitowa da cutar, alhali kowane ciki lissafinsa daban. Ana iya haifar masu sikila uku a jere, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Ba a cika gaya musu cewa mai AS lafiyarsa ƙalau ba, balle a ce tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa AS na ba yara kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu. To, rashin wannan sani ne ke bin takardar daga hannun waliyyi zuwa na kawu, zuwa na gwaggo, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa wance "jininta ba kyau". Namiji yakan kakkaɓe riga ya nemi wata, tambarin kuwa a kan yarinya yake zama. Amurka ta taka wannan sawun: a shekarun 1970 jihohi da dama sun tilasta gwajin sikila ba tare da wayar da kai ba, masu AS suka sha wariya wajen neman aiki da inshora, har makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙi ɗaukar su sai a 1981.

Kano na da nata darasin a kan amanar bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake, kuma wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Gwajin magani ne wancan, amma a binciken gado amanar ta fi nauyi, domin jinin mutum ɗaya yana tona asirin iyayensa da ƙannensa da 'ya'yan da bai haifa ba, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu. Ina za a kai jinin, wa zai ajiye bayanan, wa zai ci moriya? A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila ta hanyar gyara ƙwayar gado, wanda a Amurka aka sa wa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Mai sikila a Kurna ko Fagge sai dai ya ji a rediyo.

Wani zai ce aure da sirri da ƙaddara hurumin iyaye ne da malaman addini. Gaskiya ne, amma liman da uba za su yi hukunci ne da bayanin da ma'aikacin ɗakin gwaji ya ba su, shi kuwa ɗalibin jiya ne. Idan bai san riƙe amana na cikin aikinsa ba, ko ya karɓi na goro ya mayar da AS ya zama AA, wa'azin Juma'a ba zai gyara takardar ba. Wani kuma zai ce tayar da zancen Trovan a aji zai ƙara wa mutane tsoron asibiti. Ai labarin yana yawo a zaure da majalisar shayi, da ƙari da ƙawa; gara yaro ya ji shi daidai, a haɗa masa da misalin binciken da ya amfani jama'a, kamar wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi da Jami'ar Vanderbilt kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Batun ƙarancin lokaci kuwa, ba sabon fanni ake nema ba. Darasi biyu ko uku a cikin bayoloji da ilimin zaman ɗan ƙasa sun isa a fara.

Saboda haka Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano da kwalejojin koyon aikin lafiya su zauna da likitocin jini da malaman addini da masu sikilar kansu, su tsara wannan darasi da Hausa, ya isa aji kafin waɗannan yara su kai ranar da za a miƙa musu takardar.