Kariya: Furen da ke son dutse, ba ya son gata

A ƙasashen Turai akwai wani irin lambu da ake kira lambun duwatsu. Mai gida zai jera duwatsu a farfajiyarsa, ya cika tsakaninsu da tsakuwa, sannan ya dasa 'yan ƙananan furanni irin waɗanda ke fitowa a kan tsaunukan Alps na Suwizalan da Faransa. Hotunansu sun cika wayoyin hannu, har wasu 'yan kasuwa kan yi sha'awar sayo irinsu. To, gaskiyar magana ita ce wannan jari ne da zai narke. Tsiron da ya saba kwana ƙarƙashin ƙanƙara ba zai jure watan Afrilu a Damagaram ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Amma fa dabarar lambun ta dace da mu ƙwarai. Duk wanda ya shiga unguwar Birni a Zinder ya ga manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, kuma kowa ya san yadda garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa. Dutse muna da shi, ruwa ne ke da tsada. Furen da ya dace da wannan hali kuwa yana nan a ƙasarmu tun kaka da kakanni, wato kariya.

Kariya ita ce 'yar bishiyar nan mai kumburarren gindi, wadda ke zubar da ganye da rani sannan ta ɓarke da fure ja-ja mai farin ciki, a daidai lokacin da daji ya bushe ƙayau. Masana tsirrai sun raɗa mata suna Adenium a shekarar 1819, daga sunan garin Aden na ƙasar Yaman. A yau manoman fure na Tailan da Taiwan sun mayar da ita babbar sana'a, suna aure tsakanin iri da iri, suna fitar da launuka kala-kala zuwa kasuwannin duniya. Mu kuwa da take fitowa a bayan gidajenmu, sai dai mu wuce ta.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma akan jingina maganar ga wannan bishiya saboda kamannin suna. Sai dai kariya takan yi 'ya'ya jefi-jefi, kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon sa. A nan kuɗin yake. Mai sayen fure gindin nan mai ƙiba yake kallo kafin ya taya, kuma wadda aka shuka daga iri ce ke yin sa da kyau. Wadda aka yanko reshe aka dasa takan yi saurin fure, amma gindinta siriri ne, farashinta ma haka. Idan kwanson ya kusa nuna a ɗaure shi da zare, domin yana fashewa iska za ta kwashe irin, kasancewar yana da gashi kamar audugar tumfafiya. Kada a ajiye shi ya daɗe. Sabon iri kan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka.

Ga matan Droum da ƙauyukan kewaye masu noman rani, wurin da za a yi kuskure shi ne ban-ruwa. Hannun da ya saba da salak da tumatir zai kashe kariya da alheri. A sami tukunyar ƙasa, ko da wadda ta tsage aka daina sa mata ruwan sha ce, a huda gindinta, a zuba tsakuwa da yashi mai kaushi da ɗan busasshen taki kaɗan. A dasa ta yadda gindin zai ɗan fito sama, a ajiye a rana. Ba a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe sarai, da sanyin hunturu kuwa a rage sosai. Da damina a ɗora tukunyar kan dutse don kada ruwa ya kwanta mata. Idan aka taɓa gindin aka ji ya yi laushi, ruɓa ta shiga.

Wani abin da zai burge 'yar kasuwa shi ne wannan haja ba ta kwantai. Tumatirin da bai shiga ba a kasuwar Dole yau, gobe sai a karyar da shi, amma kariyar da ba a saya ba sai a mayar da ita gida, baɗi ta ƙara ƙiba ta ƙara daraja. Masu otal, ma'aikatu da masu sababbin gidaje su ne za a fara yi wa talla.

Sai dai a yi hattara, ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har maharba a wasu sassan Afirka kan shafa shi a kibiya. A wanke hannu da sabulu bayan an yanke ta, kada a kai shi ido, a nisanta ta daga yara da awaki. A rumfa ma kada a jera ta kusa da kayan miya, kuma a gaya wa mai saye tun kafin ya biya.