Tambayar Waƙa a Jarrabawar Turanci: Inda Hadda Ke Kayar da Mutane

Mutum biyu ne kawai a ɗakin, sai 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tebur. Mai jarrabawa ya duba fasfo, ya tambayi suna da gari da sana'a, komai na tafiya daidai. Can sai ya jefo tambayar da ba a zata ba: kana son rera waƙa? An koya maka waƙa kana yaro? Wane irin yanayi ne ke sa ka yi ta?

A nan ne ɗalibin da ya kwana yana bitar sauyin yanayi da tattalin arzikin duniya yakan yi tsuru-tsuru. Ya ce a'a, ya ja bakinsa ya yi shiru, alhali shirun nan shi ne abin da ke cin makinsa.

Jarrabawar ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989, kuma hukumomi uku ne ke da ita: British Council, da IDP ta ƙasar Ostareliya, da sashen jarrabawa na Jami'ar Cambridge. Jami'o'i da hukumomin ba da biza a Ingila da Kanada da Ostareliya suna neman sakamakonta, haka ma hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, wadda ke son maki 7 cikin 9 a ɓangaren magana. Wannan ɓangare ba ya wuce minti 11 zuwa 14. Kashi na farko hira ce ta minti huɗu zuwa biyar a kan rayuwar yau da kullum, kuma a nan batutuwa irin su waƙa da abinci da barci suke fitowa. A kashi na biyu a miƙo wa mutum kati, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, sannan ya yi magana shi kaɗai har minti biyu. Na uku tattaunawa ce mai ɗan zurfi a kan abin da ke katin.

Abu huɗu ake aunawa: yadda magana ke gudana ba tare da sarƙewa ba, yawan kalmomi da dacewarsu, nahawu, da furuci. Ra'ayin mutum ba ya ciki. Wanda ya ce ba ya waƙa saboda a gidansu ana ganin aikin maroƙa ne, ya kuma bayyana yadda abin yake a garinsu cikin jimloli uku ko huɗu, ya ba da amsa cikakkiya. Ba wanda zai ce masa ya rera, balle a auna zaƙin muryarsa.

Akwai dalilin da ya sa bakin ɗalibanmu ke nauyi, kuma ba laifinsu ba ne kacokan. A Nijeriya, takardar WAEC da ake kira ta Turancin baka tambayoyi 60 ce na zaɓi-ɗaya. Yaro zai iya cinye ta tas bai buɗe baki ya furta ko kalma ɗaya ba. Ga aji mai cunkoso, ga tsoron dariyar abokai idan an yi tuntuɓen harshe. Sai mutum ya gama jami'a yana rubuta Turanci mai kyau, amma hira ta minti biyar ta sa shi gumi.

Maganin da mutane da yawa suke rugawa gare shi shi ne hadda, don Bahaushe gwanin hadda ne tun daga makarantar allo. Intanet cike take da shiryayyun amsoshi, a YouTube da zaurukan WhatsApp da Telegram, wasu kyauta wasu da kuɗi. Sai ka ji mutumin da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada yana ba da labarin yadda yake kaɗa jita a bakin teku tare da ƙungiyar mawaƙan makarantarsu. Masu jarrabawar nan an horar da su su gane magana haddatacciya, kuma gane ta ba wuya: murya takan miƙe kamar mai tilawa, ido ya koma sama yana lalube, manyan kalmomi su yi ta zubowa. Da zarar an katse shi da ƙaramar tambaya, misali wace waƙa ce kuka fi yi a bakin tekun, sai ginin ya rushe, Turancin ya koma wani iri dabam. Abin da aka haddace ba ya nuna iyawar mutum, saboda haka ba ya jawo masa maki.

Abin takaicin shi ne, wanda ya ari labarin jita ya bar dukiya a gida. Da wuya a sami Bahaushen da ya girma ba da waƙa a kunnensa ba. Akwai ta reno da uwa ke yi tana jijjiga goyo, akwai ta daka da ta niƙa, akwai ta gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata. Akwai ƙasidun Islamiyya da yara ke rerawa ranar saukar karatu, da Ishiriniya a watan Maulidi, da waƙoƙin coci ga Hausawa Kirista. Direban da ya taɓa yin doguwar tafiya da kaset ɗin Mamman Shata yana da abin faɗa, haka wadda ta ga yadda mata ke shewa a gidan biki idan aka saka Barmani Choge, ko wanda kuntigin Ɗan Maraya Jos ke tuna masa da mahaifinsa. Mai son tarihi ma zai iya kawo Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta yi amfani da waƙa wajen karantar da mata ta hannun 'yan taru a ƙarni na 19.

Irin wannan labari yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. Mai ba da shi dole ya yi bayani, domin ba lallai ne mai jarrabawar da ke gabansa ya san kalangu ko gaɗa ba. Zai ce kalangu ganga ce da ake matsewa a hammata, sautinta na hawa da sauka kamar maganar mutum. Wannan kewayen da ake yi a fayyace abu idan babu kalmarsa yana cikin abin da ake ba wa maki. Har ma zai iya gaya masa cewa a Hausa kalma ɗaya ce, waƙa, ta haɗa abin da Turanci ya raba biyu, wato wadda ake rerawa da wadda ake rubutawa. Kuma tunda abin ya faru da shi ne, duk ta inda aka juya tambaya yana da amsa.

Ita kanta rerawar tana taimakon harshe. A wani bincike da Karen Ludke da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Edinburgh, wanda aka buga a 2014, an raba manya 60 gida uku aka koya musu gajerun jimloli na harshen mutanen Hungari. Waɗanda suka koya ta hanyar rerawa sun fi waɗanda suka maimaita da magana iya furta jimlolin daga baya. Ƙaramin bincike ne, bai ce waƙa za ta maye gurbin malami ba, amma ya dace da abin da duk wanda ya haddace ƙasida yana yaro ya sani.

Ga mai jin Hausa, amfanin ya fi fitowa a furuci. Hausa ba ta raba sautin p da f, ba ta da v, kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da sukurudireba. Hausa kuma da karin sauti take tafiya, Turanci kuwa da danna wata gaɓa a sassauta wata. Bin waƙa mai tafiya a hankali, ana ji ana maimaitawa, yana saba wa baki da wannan dannawar. Ba a bukatar mutum ya koma magana kamar ɗan Landan. Abin da ake nema shi ne a fahimce shi ba da wahala ba.

Sai dai a yi hattara da kalmomin cikin waƙoƙin. Mawaƙi yakan karya nahawu don kiɗa ya zauna, ya haɗiye rabin kalma, ya kawo zaurancen unguwarsu ko ma batsa. Yawancin waƙoƙin zamani na kudancin Nijeriya kuwa da Turancin buroka ake yin su, gauraye da Yarbanci ko Ibo. Harshe ne mai zaman kansa da ƙa'idojinsa, amma ba shi ake jarrabawa ba.

Sannan ga 'yan damfara. Suna nan a Facebook suna tallar takardar sakamako ba tare da an zauna jarrabawa ba, ko su ce suna da na ciki da zai ɗaga maki. Jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance sakamako kai tsaye ta intanet daga rumbun masu jarrabawar, don haka takardar bogi ba ta wuce matakin farko, ga asarar kuɗi, ga yiwuwar a haramta wa mutum sake nema. A 2014 shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a wata jarrabawar Turancin mai suna TOEIC a Birtaniya. Gwamnati ta soke bizar dubun-dubatar ɗalibai, kuma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru a kotu suna rantsuwar cewa da kansu suka zauna.

Atisayen da ke aiki bai fi ƙarfin kowa ba, wayar hannu ta isa. Mutum ya zaɓi waƙa ɗaya da ke da tarihi a rayuwarsa, ya kunna ɗaukar murya, ya yi minti biyu yana faɗa da Turanci inda ya fara jin ta, wa ke rera ta, da abin da take tuna masa. Ya saurara, ya lura da inda ya tsaya yana neman kalma, ya nemo ta, washegari ya sake ba da labarin ba tare da ya rubuta shi ba. Idan da aboki a kusa, aikinsa shi ne ya riƙa katse shi da "me ya sa?" da "sai kuma aka yi yaya?", domin haka mai jarrabawa zai yi masa a kashi na uku.